Yadda Ake Gane Abin Da Wutar Lantarki Ke Bi Ta Cikinsa, Daga Fensir Zuwa Katako

Idan aka tambayi yawancin mutane abin da wutar lantarki ke bi da abin da ba ta bi, amsa guda za a samu: ƙarfe yana ɗaukar wuta, itace da roba ba sa ɗauka. Wannan rabon ya wadatar a harkokin yau da kullum, amma fensir ɗaya da ke hannun ɗan firamare ya isa ya nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba, domin baƙin abin da ke tsakiyarsa ba ƙarfe ba ne, amma wuta na ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, alhali katakon da ya lulluɓe shi ya hana ta wucewa. Shi kansa katakon ba kullum yake tare hanya ba, domin wanda ya bushe ƙayau a cikin hunturu dabam yake da wanda ya kwana ruwan damina na dukansa. Ana iya tabbatar da duk wannan a gida ko a aji da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, muddin an san yadda ake haɗa su, an kuma san yadda ake fassara abin da ido ya gani, wanda a ganina nan ne aka fi yin kuskure.

Kafin a taɓa ko da waya ɗaya, akwai sharaɗin da babu sassauci a kansa. Da ƙananan batura kaɗai ake wannan gwaji, wato batirin tocila mai bolt 1.5, ko kuma ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu mai bolt 9, kuma harafin V da ke jikin batir shi ne alamar bolt, wato ma'aunin ƙarfin turin wuta. Ba a yin sa da wutar soket ko ta janareta ko ta inbata, domin waɗannan bolt 220 zuwa 240 suke bayarwa, abin da ya isa ya kashe mutum. Batirin mota da na babur ma a bar su, ko da yake bolt 12 kawai gare su, domin idan aka haɗa bakunansu biyu da abin da wuta ke bi cikin sauƙi, sukan turo wuta mai yawan da za ta sa waya ta yi ja, ta ƙona yatsu, ta kuma kama abin da ke kusa. Haka nan batirin wayar salula, wanda yakan kumbura ya kama da wuta idan aka wulaƙanta shi.

Haɗa abin gwajin

Wuta ba ta gudana sai ta sami hanyar da ta zagayo, ta fita ta baki ɗaya na batir ta komo ta ɗayan. Duk dabarar ita ce a gina irin wannan zagaye, a sa ƙwan fitila a cikinsa ya zama shaida, sannan a bar giɓi guda da gangan. Duk abin da aka cike giɓin da shi, idan wuta na bi ta cikinsa ƙwan zai kama.

A samo batiran tocila 2, a jera su kai da gindi kamar yadda suke zama a cikin tocila, a naɗe su da salatif don kada su rabu, sai ya zama an sami bolt 3. A yanko waya guda 3, kowace kamar santimita 20, a feɗe robar da ke bakunansu har jan ƙarfen ya fito. Ta farko a manna ta a kan batir, wajen da ke da cibiya da alamar +, a kai ɗaya bakin nata gindin ƙwan tocila irin na da, mai siririn zare a ciki. Ta biyu a naɗa ta a jikin ƙarfen da ke gefen ƙwan, a bar ɗaya bakin a sake. Ta uku a manna ta a gindin batir, ita ma a bar ɗaya bakin a sake. Waɗannan bakuna biyu da aka bari su ne za a riƙa ɗorawa a kan abin da ake son gwadawa, kuma idan an sami 'yan maƙalan nan masu bakin kada da masu gyaran rediyo ke amfani da su, aikin zai fi tsabta, domin yatsa yakan gaji ya sassauta.

Yana da kyau a haɗa na biyu da ƙaramin ƙwan LED, wanda ake samu wajen masu gyaran rediyo ko a ciro daga matacciyar tocila. Shi wannan a haɗa shi da batir mai bolt 9, amma dole a sa razista, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, mai om 470 a tsakaninsu, in ba haka ba zai ƙone cikin ƙiftawar ido. Ƙwan LED yana da gaba da baya: doguwar ƙafarsa ita ke fuskantar ɓangaren +, kuma idan aka juya shi ba zai kama ba ko da komai na daidai.

Kafin a gwada kowane abu, a fara gwada abin gwajin kansa, wato a haɗa bakunan wayoyin biyu kai tsaye a ga haske. A riƙa maimaita haka bayan kowane gwaji uku ko huɗu, domin sau da yawa salatif ne ya sassauta, mutum kuwa ya rubuta a littafinsa cewa cokali ba ya ɗaukar wuta.

A fara da ƙarafa

Ƙarafa su ne ma'aunin da za a kwatanta sauran da shi. Cokali, mabuɗi, ƙusa, tsabar kuɗi da murfin tukunyar alminiyum duk za su kunna ƙwan da haske kusan daidai da na haɗin kai tsaye. Dalili shi ne ƙwayoyin zarra na ƙarfe suna sakin wasu daga cikin ilektiron ɗinsu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wuta, su riƙa yawo a cikin ƙarfen ba tare da sun maƙale a wuri guda ba, kuma da zarar batir ya tura su sai su gangara gefe ɗaya, wannan gangarawar kuwa ita ce wutar da ake magana. A cikin roba, leda da gilashi, kowane ilektiron a ɗaure yake inda yake.

Idan ƙarfe ya ƙi kunna ƙwan, a dubi fatarsa kafin a yanke hukunci. Tsatsar da ke jikin tsohuwar ƙusa da fentin da ke kan kwanon rufi suna tare wuta, haka ma siririyar wayar kwayil da ake cirowa daga lalatacciyar fanka, wadda ido ke gani kamar tsirarar jan ƙarfe alhali an shafe ta da wani siririn shafi mai sheƙi. A kankare wurin da reza har ƙarfen ya fito fes, sannan a sake gwadawa. Kada kuma a haɗa wannan magana da ta maganaɗisu, domin maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe ko alminiyum, amma dukansu sun fi baƙin ƙarfen da yake kamawa ba wuta hanya. Azurfa ce kan gaba, sai jan ƙarfe, sai zinariya, sai alminiyum.

Fensir

A ɗauki sabon fensir a fiƙe shi baki biyu. A ɗora waya ɗaya a kan tsinin dama, ɗaya a kan na hagu, a tabbata baƙin abin kaɗai suke taɓawa. Ƙwan tocila zai kama, amma da haske mai rauni wanda ya karkata zuwa ja, wani lokaci ma sai an kare shi da tafin hannu kafin a gani. Ƙwan LED kuwa zai haska sosai. Daga nan a mayar da wayoyin biyu kan katakon fensirin, za a ga babu ko ɗaya da ya kama. Idan zuciyar fensirin ma ta ƙi kunna LED, to mai yiwuwa ta karye a ciki, kamar yadda yakan faru da fensirin da ya sha faɗuwa ƙasa, sai a canza wani. Fensir mai launi ba ya cikin wannan lissafi, domin shi yawanci kaki ne da rini, babu abin da wuta za ta bi.

Babban abin da ke cikin baƙin abin nan sunansa girafayit, kuma shi kabon ne zalla, ɗan'uwan gawayi. A ƙarni na 16 aka gano tarinsa mai tsabta a Borrowdale da ke arewacin Ingila, mutanen wurin suka ɗauka wani nau'in dalma ne, shi ya sa har yau Turawa ke kiran zuciyar fensir da sunan dalma alhali babu ko ƙwayarta a ciki. Sai a 1779 masanin sinadarai Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Siwidin ya nuna cewa kabon ne, a 1789 kuma Bajamushe Abraham Werner ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu, daga kalmar Girkanci mai nufin rubutawa.

Abin da ya sa wuta ke bi ta cikinsa yana ga yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Kowace ƙwayar kabon tana da ilektiron 4 da take ƙulla zumunci da maƙwabta da su. A cikin girafayit, kowace ƙwaya maƙwabta 3 kawai ta riƙe, suka shimfiɗu falle-falle cikin tsari mai kusurwa shida irin na saƙar zuma, ilektiron na huɗun kuwa ya rage a sake yana yawo a tsawon fallen, kamar dai yadda ake samu a ƙarfe. Fallayen ba su riƙe juna da ƙarfi ba, shi ya sa suke zamewa su zauna a kan takarda idan ana rubutu. Dutsen daimon ma kabon ne zalla, amma a cikinsa kowace ƙwaya ta riƙe maƙwabta 4, babu ilektiron ko ɗaya da ya rage, don haka wuta ba ta bi ta cikinsa. Sinadari ɗaya ne, tsarin zama kawai ya bambanta, kuma ban san wani misali da ya fi wannan nuna cewa sunan abu ba ya isa a san halinsa ba.

Gwajin da ya fi koyarwa shi ne na tsawo. Babba ya tsaga katakon fensir da reza a tsaye har zuciyar ta bayyana daga sama zuwa ƙasa ba tare da ta karye ba. A maƙala waya ɗaya a ƙarshenta, a riƙa jan ɗayar a hankali a kan zuciyar. Duk lokacin da wayoyin suka matso kusa da juna hasken ƙwan tocila zai ƙaru, idan suka yi nisa ya ragu. Wannan tirjewar da abu ke yi wa wuta ita ake kira turjiya, ana auna ta da om, kuma tana ƙaruwa da tsawon hanya, tana raguwa da kaurinta. Zuciyar cikakken fensir takan ba da daga 'yan om kaɗan zuwa om 20 ko 30, alhali wayar jan ƙarfe mai tsawo da kauri irin nata ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na om guda ba. Kada a bar wayoyin sun daɗe dab da juna, domin ɗan guntun da ke tsakaninsu yana ɗaukar zafi, batir kuma yana saurin ƙarewa.

Sannan a kwatanta fensira masu lamba daban-daban. A 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun girafayit daga Ingila, Nicolas-Jacques Conté ya fito da dabarar niƙa shi a cuɗa da yumɓu a gasa, kuma da ita ake aiki har gobe. Yawan yumɓu shi ke sa fensir tauri, shi ne mai alamar H, yawan girafayit kuma shi ke sa shi laushi da baƙi, shi ne mai alamar B. Tun da yake yumɓu ba ya ba wuta hanya, fensir 6B na masu zane zai fi HB na 'yan makaranta haska ƙwai, shi kuma HB ya fi 2H, in dai kamfani ɗaya ya yi su.

Da fensir mai laushi ana iya zana waya a kan takarda. A ja layi mai faɗin rabin santimita da tsawon santimita 3 ko 4, a yi ta maimaita shi ana dannawa har ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, sannan a danna wayoyin LED a ƙarshensa biyu a wuri mai ɗan duhu. Zai kama da ɗan haske, idan aka faɗaɗa layin hasken ya ƙaru, idan aka goge tsakiyarsa da magogi ya mutu. Ƙwan tocila kuwa ba zai ko motsa ba a kan wannan layi, kuma nan ne ya kamata a dakata a yi tunani.

Idan ƙwai bai kama ba

An ce gani ya kori ji, amma a wannan aiki rashin ganin haske ba hujja ba ce cewa wuta ba ta wucewa. A 1827 Georg Ohm ya bayyana ƙa'idar da ke bayan haka: a raba ƙarfin turin batir da turjiyar hanya, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ke gudana, wadda ake aunawa da amfiya, miliamfiya kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya. Ƙwan tocila yana neman kusan miliamfiya 300 kafin ya haska yadda ya kamata. Idan aka sa abu mai om 1,000 a giɓin, bolt 3 miliamfiya 3 kawai za su tura, wato kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ƙwan ke nema, don haka zai zauna a mace alhali wuta na gudana. Wannan abu ɗin dai, idan aka sa shi a zagayen LED mai bolt 9, kusan miliamfiya 5 za su wuce, ƙwan kuma zai haska sarai, domin ko ƙasa da miliamfiya 1 tana sa shi ƙyalli a cikin duhu.

Wanda ya fi su duka gaskiya shi ne mitar nan ta hannu da masu gyaran rediyo da masu wayarin ke yawo da ita. A juya makunninta zuwa ɓangaren da ke da alamar Ω, wato alamar om, a fara da ƙaramin mataki na 200, a haɗa tsinkayenta biyu a ga ta nuna abin da ke kusa da sifiri. Idan aka ɗora su a kan abu ta nuna 1 ita kaɗai a gefen hagu, ko haruffan OL, ma'anarsa turjiyar ta wuce matakin da aka zaɓa, sai a hau na gaba, 2k, 20k, 200k, inda k ke nufin dubu, har zuwa na miliyoyi. Kada a riƙe ƙarfen tsinkayen biyu da yatsu lokacin auna abu mai turjiya da yawa, domin mita za ta auna jikin mai riƙon ne a maimakon abin. Ba a kuma auna turjiyar abin da ke haɗe da batir ko wata wuta.

Katako da ruwa

A samo guntun busasshen katako daga wurin kafinta, a kafa ƙusoshi biyu marasa tsatsa a jikinsa, tsakaninsu santimita 1 ko 2, kada su taɓa juna a ciki. Ƙusoshin sun fi ɗora waya a sama, domin suna shiga cikin naman itacen. A gwada da ƙwan tocila, da LED, da mita: babu wanda zai nuna komai, mita ma za ta ce turjiyar ta fi ƙarfinta ko a mataki na ƙarshe. Daga nan a jiƙa katakon a ruwa ya kwana, a tsamo shi, a goge samansa da tsumma, a sake gwadawa. Yanzu mita za ta ba da lamba, LED kuma zai yi ɗan ƙyalli idan ɗakin da duhu. A gwada ɗanyen reshen darbejiya da aka karyo yanzu, za a samu irin wannan sakamako ba tare da an jiƙa shi ba. A ƙarshe a jiƙa wani guntun a ruwan gishiri, za a ga hasken ya fi na baya nesa ba kusa ba.

Ashe ba itacen ne ya canza ba, abin da ya shiga cikinsa ne, don haka sai a gwada ruwan shi kaɗai. A tsoma bakunan wayoyin LED a kofi uku, tsakaninsu kamar faɗin yatsa. Na farko ruwan tururi ne, wanda ake iya tarawa daga ɗigon da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya mai tafasa, kuma kada a kuskura a sayo abin da ake kira ruwan batir a kasuwa da sunan wannan, domin sau da yawa asid ne mai ƙona fata. A cikinsa da ƙyar LED zai nuna alama. Na biyu ruwan rijiya ko na famfo, wanda zai ba da haske matsakaici. Na uku ruwan da aka narkar da cokalin gishiri a ciki, wanda zai haska shi sosai. Abin lura shi ne busasshen gishiri da aka tara a faranti ba ya kunna komai. Sai ya narke ƙwayoyinsa ke rabuwa gida biyu, masu cajin + da masu cajin −, su sami damar yin iyo zuwa wayoyin, kuma su ne ke ɗauke da wutar a cikin ruwa, ba ilektiron masu yawo irin na ƙarfe ba. Ruwan kanwa da ruwan toka da na lemun tsami duk haka suke yi, amma sukari, komai yawan da aka zuba, ba ya ƙara haske, domin yana narkewa ne ba tare da ƙwayoyinsa sun rabu zuwa masu caji ba. Ƙananan kumfan da za a gani a jikin wayoyin alama ce cewa wutar na farfasa ruwan, don haka a tsoma na 'yan daƙiƙoƙi kawai, a wuri mai iska, a zubar da ruwan bayan an gama.

Itace kuwa soso ne mai ɗauke da nasa gishirin tun yana raye. Daga busasshe ƙayau zuwa lokacin da danshinsa ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari, turjiyarsa na faɗuwa fiye da sau miliyan, kuma da wannan ne na'urar auna danshin katako mai tsinke biyu ke aiki, wato turjiya take aunawa ta fassara ta zuwa danshi. Itace yana shan laima daga iska ko ruwa bai taɓa shi ba, don haka wanda yake da haƙuri ya ajiye katakonsa mai ƙusoshi, ya auna shi a watan Janairu, ya sake aunawa a Agusta.

Tarihin wannan ilimi ma da itace ya fara. A 1729 Stephen Gray na Ingila ya lura cewa idan ya goge bututun gilashi har ya ɗauki caji, toshiyar da ke bakinsa ma takan jawo gashin tsuntsu. Ya soka sandar itace a jikin toshiyar, cajin ya bi ta, ya ɗaura zaren rama mai tsawo, ya bi shi ma. Da ya rataye zaren a kan siliki cajin ya yi nisa, da silikin ya tsinke aka musanya shi da siririyar wayar tagulla sai cajin ya zurare ya ɓace. Daga nan aka fara raba abubuwa zuwa masu ba wuta hanya da masu tare ta, kuma abin mamaki shi ne a gwajin Gray itace yana cikin masu ba da hanya, domin cajin gugar gilashi ɗan kaɗan ne amma turinsa dubban bolt ne.

Saura gawayi, wanda shi ne itacen da wuta ta kore wa ruwa da sauran sinadarai ta bar kabon. A gwada gutsattsari biyar ko shida daga buhu ɗaya da mita, za a ga ba su daidaita ba, wasu kamar busasshen katako, wasu kuma suna ba da lamba. Zafin da aka ƙona shi da shi ne ke yanke hukunci: gawayin girki da aka yi a rami ko a tudun ƙasa yawanci bai wuce digiri 400 zuwa 500 ba, sai zafi ya haura 700 ƙwayoyin kabon ke fara jeruwa falle-falle irin na girafayit. Shi ya sa guntun da ya yi ja zur a maƙera sannan ya huce yakan fi sabon gawayi ba wuta hanya. Da irin wannan ne Thomas Edison ya yi zaren ƙwan lantarkinsa, da ƙonannen zaren auduga a 1879, daga baya kuma da ƙonanniyar gora. Baƙar sandar da ke tsakiyar batirin tocila na gargajiya da ɗan burushin da ke gogar kwayil a cikin janareta su ma kabon ne.

Iyakar abin da gwajin ya nuna

Duk sakamakon da aka samu na bolt 3 ne ko 9, kuma ba a ɗaukarsa a kai kan wutar gida. Idan turi ya ninka sau 25, kamar daga bolt 9 zuwa wutar gida, wutar da ke ratsa abu ɗaya ita ma ta ninka aƙalla haka, don haka jiƙaƙƙen katakon da ya sa LED ƙyalli kawai yana iya wuce da abin da zai girgiza mutum. Jikin ɗan Adam kansa ruwan gishiri ne a cikin fata. Busasshiyar fata tana iya kai om 100,000, jiƙaƙƙiya kuwa takan sauko kusan 1,000, wato a bolt 230 bambancin miliamfiya 2 ne da miliamfiya 230. Daga miliamfiya 10 zuwa 20 hannu yakan ƙanƙame waya ya kasa saki, shi ya sa aka saita na'urar katse wuta mai kare rai ta yanke a miliamfiya 30. Idan turin ya kai dubbai, abin da ke tare wuta ma yakan sallama: iska kanta tana ɓallewa a kusan bolt 3,000 kan kowace milimita, kuma dalili ke nan da ko a kan falwayar katako ake ɗora wayoyi bisa tangaran ko gilashi. Silifas na wanka da tayar mota, wadda ke cike da baƙin kabon da zaren ƙarfe, ba a yi su don kariya daga lantarki ba.

Wannan ya shafi shawarar nan da kowa ya sani, cewa a ɗauki sanda a ture wanda wuta ta kama. Abu na farko shi ne a kashe babban makunnin gida, ko a zare filogi, ko a kashe janareta. Sai idan hakan ya gagara, kuma wutar ta gida ce, mutum ya tsaya a kan busasshen wuri ya ture wayar da busasshiyar sanda ko muciyar da ba ta jiƙe ba ko kujerar roba, ba da ɗanyen reshe ba, ba da taɓaryar da aka wanke yanzu ba, ba kuma da hannu ba. Idan kuwa babbar wayar layi ce ta faɗo, irin mai bolt 11,000 ko 33,000, babu sandar da ta dace ko da ta shekara a rana, domin ƙasar da ke kewaye da wayar ma tana ɗauke da wuta. A ja baya aƙalla mita 10, a hana yara da dabbobi matsowa, a kira ma'aikatan kamfanin rarraba wuta su kashe layin kafin kowa ya kusanci wurin.